Daga Ɗan Koyo Zuwa Afareta Mai Kati: Jagorar Horo da Takardar Shaidar Tuƙa Manyan Injunan Gini

Mutum zai shekara goma yana juya eskabeta har bokitin ya zame masa hannu na uku, amma ranar da ya isa ƙofar babban kamfani neman aiki, abin da za a fara tambayarsa shi ne, ina katinka? Wani kuma ga kati nan sabo fil a aljihu, a ɗora shi kan inji a ce ya haƙa ramin bututu na mita 20, sai ka tarar da gindin ramin tudu da kwari, gefensa yana zagwanyewa. Dukansu biyu aikinsu bai kammala ba. Na farko yana da hannu babu shaida, na biyu yana da shaida hannun bai nuna ba.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, takardar shaidar afareta ba ta cewa ka iya tuƙa manyan injuna gaba ɗaya. Cewa take yi an gwada ka a kan inji iri kaza, bisa tsarin da ake yarda da shi a wuri kaza, kuma shaidar tana aiki zuwa lokaci kaza. Inji, wuri, lokaci. Yawancin waɗanda kuɗinsu ya salwanta a harkar nan ɗaya daga cikin ukun nan suka manta.

Mataki na farko: fara daga inda kake son ƙarewa

Kafin ka nemi makaranta, ka nemi amsar wannan: a ina zan yi aiki, kuma wace takarda suke karɓa a can? Babu kati ɗaya tilo da ke buɗe kowace ƙofa a duniya. Kowace ƙasa da tsarinta, wani lokacin ma kowane babban ɗan kwangila da abin da yake amincewa da shi.

A Birtaniya, katin da ya fi suna shi ne na CPCS, wanda aka fara a 2003, kuma tun 2019 hukumar NOCN ce ke kula da shi. Akwai kuma wani tsarin katin mai suna NPORS, da aka kafa a 1992. A Amurka dokar tarayya ta fi matsa wa masu kiren, wato injin ɗaga kaya sama: hukumar OSHA mai kula da kariyar ma'aikata ta fitar da dokar kiren ta aikin gini a 2010, kuma daga Nuwamban 2018 ya zama wajibi mai tuƙa kiren da ke ɗaga abin da nauyinsa ya haura fam 2,000 (kusan kilo 900) ya mallaki takardar shaida. Ƙungiyar NCCCO, wadda ta soma a 1995, ita ce ta fi shahara wajen ba da ita. Mai eskabeta ko katafila a can babu wani lasin na tarayya a kansa. Nauyin tabbatar da ƙwarewarsa yana wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. A Faransa da wuraren da ke bin tsarinta, takardar shaidar CACES ake tambaya, kuma na injunan gini shi ne R482, wanda ya maye gurbin R372m a farkon 2020. A Ostareliya kuwa kiren da fokalif suna buƙatar lasin ayyuka masu haɗari daga hukuma, yayin da mai eskabeta kamfani ne ke gwada shi ya tabbatar da iyawarsa.

Ka ga ke nan, idan ka biya kuɗin kwas ba ka bincika ba, kana iya fitowa da takarda mai kyan hatimi wadda babu mai kallonta a inda ka nufa. Hanyar binciken ba ta da wuya. Ka karanta tallan neman ma'aikata guda biyar ko goma na irin kamfanonin da kake sha'awa, ka ga sunan da ke ta maimaituwa. Ka tambayi afaretocin da ke aiki a can yanzu, ba waɗanda suka bari shekaru da suka wuce ba, domin tsare-tsaren nan suna sauyawa.

Mataki na biyu: zaɓi inji ɗaya

Ɗan koyo yakan so ya haɗa eskabeta da gireda da kiren a wata guda. Kada ka yi. Ana ba da shaida ne aji-aji, kuma ko inji iri ɗaya ana raba shi da nauyi. A tsarin CPCS, eskabeta mai juyawa gaba ɗaya da ba ta kai tan 10 ba lambarta A58, wadda ta haura tan 10 kuma A59. Katafila A34, rola A31, kiren mai taya A60, dogon kiren na gine-ginen bene A04. A tsarin CACES R482, ƙananan injuna suna aji A, manyan eskabeta B1, katafila C2, gireda C3, rola D. Katin rola ba ya ba ka damar hawa gireda, ko da kuwa ka iya ta.

Ra'ayina shi ne, wanda bai taɓa hawa inji ba ya fara da rola ko ƙaramar motar kwasar ƙasa ta cikin filin aiki. Koyonsu ba ya ɗaukar lokaci, kuma suna shigar da kai fili inda za ka ga yadda aiki ke tafiya, ka san foman, ka san wanda zai ba ka dama gaba. Idan kana da halin kwas mai tsawo, eskabeta ce ta fi yawan aiki, domin kusan babu ginin da ba a fara shi da haƙa. Gireda kuwa a bar ta sai ido ya buɗe. Ita ce injin da ke tona asirin mai gaggawa, saboda aikinta na santimita ne. Kiren wata duniya ce daban, lissafinta ya fi tuƙinta yawa.

Mataki na uku: jiki da takardu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A mafi yawan tsare-tsare sai ka cika shekara 18, musamman ga kiren. Za a duba ganinka, har da iya tantance nisa, da jinka, da ko kana da ciwon da ke sa mutum ya fita hayyacinsa ba zato. Manyan kamfanoni suna gwajin ƙwaya da barasa, wasu ba tare da sanarwa ba. Dole ka iya karatu gwargwadon fahimtar littafin inji da alamun gargaɗi, ka kuma iya tarawa da ninkawa. Mata ma suna wannan aiki. Injin zamani ba ƙarfin damtse yake nema ba, natsuwar hannu yake nema. Sannan ka sani katin afareta ba lasin hawa titi ba ne. Idan za ka fito da inji kan hanyar jama'a, wannan wata doka ce daban.

Wasu tsare-tsaren suna da jarrabawar kiyaye haɗari da ake ci tun kafin a kai ga inji. A Birtaniya ita ce jarrabawar lafiya da kariya da muhalli ta CITB, hukumar horar da ma'aikatan gini, tambaya 50 cikin minti 45, kuma dole ya zama ka ci ta cikin shekara biyu da suka gabata kafin a ba ka kati.

Mataki na huɗu: zaɓen makaranta

A nan ne ake yawan cin kuɗin mutane, don haka bari mu tsaya sosai. Zuwa da kai ya fi aike. Kada hoto a intanet ya ishe ka. Ka je filin da ƙafarka ranar da ake koyarwa, ka tsaya gefe ka yi kallo na awa ɗaya.

Ka ƙirga ɗalibai, ka ƙirga injuna. Idan mutum goma sha biyu ne ke layi a kan eskabeta ɗaya, kwas ɗin mako biyu zai ba ka awanni kaɗan ne kawai a kujera, sauran lokacin a inuwa za ka ci shi kana kallon wasu. Tambayar da za ka yi ba "kwana nawa ne kwas ɗin?" ba ce, "awa nawa ni kaina zan yi a kan inji?" ita ce tambayar, kuma ka nemi a rubuta maka amsar. Ka duba ko injunan suna da bel na kujera, madubi, da ƙararrawar baya masu aiki. Makarantar da ke koyarwa da inji mai zubar mai, tana koya maka ne tun ranar farko cewa zubar mai ba komai ba ne. Ka lura da malamin: yana ƙasa yana kallon ɗalibi, ko yana can yana waya? Ka duba filin ma. Akwai gangara? Akwai inda ake haƙa da gaske a cike, da motar da ake yi wa lodi, ko kuwa tulin yashi ɗaya ake ta kwasa ana mayarwa?

Bayan haka sai batun rajista. Ka tambayi sunan hukumar da ta amince da su da lambar rajistarsu, sannan ka je shafin hukumar da kanka ka tabbatar sunansu yana ciki. Akwai bambanci babba tsakanin takardar halartar kwas, wadda kowa zai iya bugawa, da takardar cin jarrabawa wadda hukuma ta sanya a kundinta. Ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da jarrabawa da fitar da kati, da kuma abin da zai faru idan ka faɗi karo na farko. Duk wanda ya ce maka ka biya kawai kati zai fito ba sai ka zauna jarrabawa ba, ka tashi daga wurin. Katunan yanzu ana duba su ta waya a bakin ƙofa cikin daƙiƙoƙi, kuma wanda aka kama da na jabu ba aikin ranar kaɗai ya rasa ba.

Wasu makarantun suna da na'urar kwaikwayon tuƙi mai allo da sandunan hannu. Tana da amfani a kwanakin farko, hannu ya saba da sanduna ba tare da an ƙona dizal ko an fasa wani abu ba. Amma ba ta koya maka yadda ƙasa ke motsi a ƙarƙashin inji, wanda da jikinka kake jin sa ta kujera.

Akwai wata hanya ban da makaranta mai zaman kanta: shiga kamfani a matsayin ɗan koyo, kana aiki ana biyanka ana tura ka horo. Ta fi ɗaukar lokaci, amma idan ka same ta ka riƙe da hannu biyu, domin tana ba ka abin da ya fi wuyar samu, wato awannin aiki na gaske.

Mataki na biyar: abin da za ka koya

Horo mai kyau yana farawa ne a aji, kuma ɗalibai da yawa suna raina wannan ɓangaren. A nan za a koya maka sassan inji da yadda mai ke tafiya cikin tiyo ya motsa hannun eskabeta, da abin da ke kifar da inji, da haƙƙin da doka ta ɗora maka. Za ka ji dalilin da ya sa ake ɗaura bel: ƙarfen da ya kewaye ɗakin direba an gina shi ne don ya kare ka idan inji ya kife, amma sai kana ciki zai kare ka. Wanda ya yi tsalle ya fita shi injin ke dannewa. Za ka ji batun abubuwan da ke binne a ƙasa, wayar lantarki da bututun gas da na ruwa, da yadda ake duba taswira a bi da na'urar gano waya sannan a tona da shebur kafin bokiti ya taɓa wurin. A Amurka lamba 811 ake kira kafin a haƙa; a Birtaniya ƙa'idar ita ce kada inji ya haƙa cikin rabin mita daga bututun gas. Wayoyin sama kuma ba sai ka taɓa su ba, wuta tana tsallakowa. Dokar OSHA ta ce mai kiren ya bar ƙafa 10 tsakaninsa da wayar da ba ta wuce kilobolt 50 ba, tazarar tana ƙaruwa idan ƙarfin wutar ya ƙaru.

Sai duban safe, wanda a ganina shi ne ke bambanta afareta da mai hawa inji kawai. Kafin ka murza makulli, ka zagaya injin daga wuri ɗaya ka dawo wurin. Ka duƙa ka kalli ƙasa a ƙarƙashinsa: ɗigon mai ko ruwa da ya sauka cikin dare yana ba da labari. Ka zaro sandar baƙin mai ka goge ka mayar ka sake zarowa. Ruwan lagireto a duba shi inji na sanyi, kada ka kuskura ka buɗe murfin yana da zafi. Ka bi tiyo-tiyo da ido kana neman inda ya kumbura ko ya goge. Idan kana zargin wani yana yoyo, ka kara masa kwali, kada ka shafa da hannu, domin man da ke fita da matsanancin ƙarfi ta ƙaramin rami yana huda fata ya shige tsoka, kuma raunin da ya yi kama da tsinin allura yana iya kai mutum ga rasa yatsa. Ka duba haƙoran bokiti da fil-fil ɗinsa, ka duba sarƙa ko taya, ka sa giris inda littafin ya ce, ka goge gilashi da madubi. Wajen hawa kuma fuskarka na kallon inji, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya a riƙe a kowane lokaci. Ka rubuta abin da ka gani a takardar duba, ko da babu matsala.

Idan injin yana da makamin sauya bokiti cikin sauri, ka ba shi kulawa ta musamman. An sha rasa rayuka saboda bokiti ya suɓuce ya faɗo kan mutumin da ke cikin rami. Duk lokacin da ka sauya bokiti, ka tabbatar ya kulle, ka danna shi a ƙasa ka girgiza, ka sauka ka gani da idonka idan irin mai fil ne, kafin ka juya shi kusa da kowa.

Daga nan sai kujera. Za a fara da tafiya gaba da baya, juyi, hawa da saukar gangara, sannan haƙa. A rana ta farko hannunka zai riƙa fizga, inji yana tsalle. Kada ka damu da sauri. Ka rage totur, ka koyi haɗa motsi biyu a lokaci ɗaya, jan hannu da ɗaga shi tare, har bokiti ya riƙa tafiya a miƙe. Wani abu da ke ruɗa sababbi a kan eskabeta: idan ka juya ɗakin ya kalli baya, sandunan tafiya ma sun juya, ka tura gaba inji ya yi baya. Shi ya sa ake koya maka ka leƙa ka ga inda haƙoran jan sarƙa suke kafin ka motsa. Ƙasar da ka haƙo kada ka jibge ta a bakin rami. Ƙa'idar OSHA ta ce a bar aƙalla ƙafa 2, kuma ramin da ya kai zurfin ƙafa 5 yana buƙatar kariya daga ruftawa kafin mutum ya shiga.

Za ka koyi alamun hannu. Mutum ɗaya ne ke ba ka alama, kuma da zarar ya ɓace maka daga gani, ka tsaya cak. Alamar tsayawa kuwa daga kowa ta zo ka bi ta, ko lebura ne da ya fara aiki yau.

Idan aikinka ya haɗa da ɗaga kaya

Wannan ya shafi mai kiren da mai fokalif, har da mai eskabeta da ake sa shi sauke bututu. Kowane inji yana da jadawalin nauyi, kuma ba lamba ɗaya ce a kansa ba. Kiren da aka rubuta masa tan 50 yana ɗaga tan 50 ne kawai idan kayan suna dab da shi kuma hannunsa a gajarce yake. Duk nisan da kaya suka ƙara, abin da zai iya ɗagawa raguwa yake, wani lokacin ya koma 'yan tan kaɗan. Ka ɗauki bokitin ruwa a jikin ƙafarka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka gane jadawalin gaba ɗaya.

Dole ka iya ƙiyasta nauyi. Mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi na ruwa tan 1 ne, na kankare kusan tan 2.4, na ƙarfe kusan tan 7.85. A ce an kawo maka dunƙulen kankare mai tsawon mita 2, faɗi mita 1, tsayi mita 1: kusan tan 4.8 ke nan, sannan ka ƙara nauyin ƙugiya da sarƙoƙi, domin su ma injin ne ke ɗauke da su. Yadda aka ɗaura sarƙa ma yana sauya lissafi. Idan sarƙoƙi biyu suka buɗe har kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ɗaya tana jan nauyin da ya yi daidai da kayan gaba ɗaya, ba rabi ba. Irin waɗannan tambayoyin su ne ke kayar da mutane a jarrabawar kiren, ba tuƙin ba. Shi ya sa mai ɗaura kaya da ba da alama shi ma yake da nasa katin, A40 a tsarin CPCS.

Mataki na shida: jarrabawa

Kashi biyu ce kusan ko'ina, ta sani da ta aiki. Ta sanin wani wurin a kwamfuta ake yi, wani wurin mai jarrabawa ne zai zaunar da kai ya yi ta tambaya kana amsawa da baki. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka karanta littafin injin da za a gwada ka a kai tun kwas bai ƙare ba, ka sa abokin karatu ya riƙa yi maka tambaya kana amsawa da ƙarfi, domin sanin abu daban, iya faɗinsa a gaban baƙo daban.

A jarrabawar aiki, ka ɗauka an fara ba ka maki tun daga lokacin da ka doshi injin. Mai jarrabawa yana tsaye da allonsa, ba zai ce maka komai ba. Ka yi duban safe cikakke kana faɗin abin da kake dubawa. Ka ɗaura bel. Kafin kowane motsi ka kalli hagu da dama da baya, kuma ka juya kanka sosai yadda zai gani, kallon wutsiyar ido ba ya shiga takarda. Idan eskabeta ce, za a sa ka tafi da ita zuwa wurin aiki, ka haƙa rami mai zurfi da faɗin da aka ƙayyade, gindinsa a daidaice, ka yi wa mota lodi ba tare da ka bi da bokiti ta saman kan direba ba, wataƙila ka sauya bokiti, ka cike ramin, ka koma ka ajiye inji. Akwai iyakar lokaci, amma an tsara ta ne don mai aiki a natse. Abin da ke kayar da mutum nan take shi ne abin da zai iya kashe wani a filin gaske: motsi ba dubawa, taɓa alamar da ke matsayin waya ko bango, sauka daga inji bokiti na sama. A ƙarshe ka ajiye shi a wuri mai lebur, ka sauke bokiti ƙasa, ka ja sandar kulle, ka bar injin ya ɗan huce a ƙaramin totur, ka kashe, ka zare makulli.

Tsofaffin hannu sun fi sababbi faɗuwa a irin waɗannan ƙananan abubuwa, domin shekaru sun koya musu yanke hanya. Idan kana cikinsu, ba lallai ne ka yi cikakken kwas ba, tsare-tsare da dama suna barin gogagge ya tafi jarrabawa kai tsaye. Amma ka biya kwana ɗaya ko biyu tare da malami ya kalle ka ya faɗa maka halayen da ka ɗauka ba ka sani ba. Idan kuma ka faɗi, ka nemi takardar makin ka ga inda ka zame, ka gyara wannan wurin kafin ka koma.

Mataki na bakwai: tsakanin katin farko da ƙwarewa

Cin jarrabawa yana nufin an yarda ka fara, a ƙarƙashin kulawa. Tsarin Birtaniya ya fito da wannan fili ƙarara: wanda ya ci jarrabawa jan kati ake ba shi, na shekara biyu. Cikin wannan lokacin zai yi aiki, mai tantancewa ya zo har filin ya gan shi yana yi, ya tara shaidun samun takardar sana'a ta NVQ, sannan a ba shi shuɗin kati na ƙwararre mai shekara biyar. Wanda ya bar jan katinsa ya ƙare bai yi komai ba ya jawo wa kansa wahala da ƙarin kuɗi. A Faransa ma CACES kaɗai ba ya ɗora ka kan inji. Sai mai kamfani ya ba ka izinin tuƙi a rubuce, bayan ya tabbatar da lafiyarka da saninka na filin. A Amurka kuma, ban da takardar shaida, doka ta wajabta wa kamfani ya gwada mai kiren a kan ainihin injin da zai yi aiki da shi.

Matsalar da kowane sabo ke karo da ita ita ce, kamfani na son mai gogewa, gogewa kuma sai an ba ka inji. Mafita ita ce ka shiga ta ƙaramar ƙofa. Ka karɓi aikin ba da alama, ko na ƙasa kusa da inji, ko rola, ka bari a san kana da kati. Wata rana afareta ba zai zo ba, ko a buƙaci wanda zai gyara tulin ƙasa da yamma, sai foman ya waiwayo ya ce, kai, zo ka hau. Kamfanonin ba da hayar injuna ma ƙofa ce mai kyau.

Tun daga ranar farko ka buɗe littafin awanni. Ka rubuta kwanan wata, wurin aiki, irin injin da nauyinsa, aikin da ka yi, awa nawa, sannan shugaban aikin ya sa hannu a makon, ba bayan wata shida ba lokacin da ya bar kamfanin. Wannan littafin za a nema wajen ɗaga darajar kati da sabunta shi, kuma shi ne hujjarka idan ka koma wata ƙasa inda katinka ba ya aiki, aka ce ka nuna gogewarka kafin a ba ka damar zama jarrabawarsu.

Duk sabon injin da aka ba ka, ko da ajinsa ɗaya da wanda ka saba, ka nemi a nuna maka shi. Tsarin sandunan eskabeta iri biyu ne suka fi yawa, ISO da SAE, kuma hannunka da ke ɗaga babban hannun inji a tsari ɗaya, shi ne ke jan ƙaramin hannun a ɗaya tsarin. Ka gwada kowane motsi a hankali a fili, babu kowa kusa, kafin ka shiga aiki.

Mataki na takwas: sabuntawa da ƙari

Ka rubuta ranar ƙarewar katinka a inda za ka riƙa gani. Shuɗin katin CPCS da shaidar NCCCO da lasin Ostareliya duk shekara biyar ne, haka katin IPAF na masu injin ɗaga mutane sama. CACES R482 shekara goma ne, na kiren da fokalif a tsarin shekara biyar. Mai fokalif a Amurka kuma ana sake duba aikinsa aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku. Ka fara shirin sabuntawa saura wata shida, domin samun gurbin jarrabawa yakan ɗauki lokaci, kuma mai tsaron ƙofa ba ya sauraron bayani idan kwanan wata ya wuce.

Idan hannunka ya zauna a kan injin farko, sai ka ƙara na biyu wanda ke tafiya tare da shi a fili ɗaya: mai eskabeta ya ƙara motar kwasar ƙasa ko katafila, mai kiren ya ƙara ɗaurin kaya ko kula da aikin ɗagawa. Manyan ayyukan hanya yanzu suna amfani da injuna masu na'urar GPS, inda zanen injiniya ke fitowa a allo cikin ɗakin direba yana nuna maka santimita nawa ya rage bakin bokiti ya kai zurfin da ake so. Dillalan Caterpillar da Komatsu da kamfanonin da ke ƙera na'urorin, irin su Trimble da Topcon, suna ba da gajeren horo a kai, kuma idan kamfaninka zai tura mutane, ka sa sunanka tun da wuri.